Falmaran ɗin da ya shaƙe ni a Minesota

A shekarata ta uku a Miniyapolis, wani birni a jihar Minesota ta Amurka, wani dattijo da muke aiki tare ya ja ni farautar tsuntsun da suke kira fezan. Dangin fakara ne, sai dai ya fi ta girma, ga doguwar wutsiya, zakaransa kuma da farin zobe a wuya. Asalinsa daga Asiya aka kawo shi, amma yanzu ya zama ɗan gida a gonakin masara da filayen ciyawa na kudu maso yammacin jihar. Ana buɗe farautarsa a tsakiyar Oktoba, ba a fara harbi sai ƙarfe 9 na safe, kuma zakaru kawai ake harbi, biyu a rana, sai Disamba ta shigo a koma uku. Kaza ko ta tashi a ƙarƙashin ƙafarka, ido ne naka.

Bindiga aronta na yi, lasisi na yanka. Falmaran ne kaɗai abin da na zaɓa da kaina, shi ne kuma ya ba ni kunya.

Dokar Minesota ta ce mai irin wannan farauta ya sa wani abu mai ruwan goro mai ƙyalli daga ƙugu zuwa sama, don abokan tafiya su hango shi cikin ciyawa. To ni launin kawai na bi. Na ɗauki mafi arha, mai zik a gaba da jaka a baya, na gwada a kan shat a gaban madubin kanti, na ga ya zauna ɗas, na biya.

Da safe da sanyi na ɗora shi a kan rigar sanyi, zik ya ƙi rufuwa sai da na haɗiye ciki. Kafin sha ɗaya rana ta buɗe, gumi ya jiƙe min baya sharkaf, don yadin ba ya shan iska ko kaɗan. Duk wannan mai sauƙi ne. Dattijon ya kayar da zakara na farko, ya ce in riƙe masa. Na yi ta laluben bakin jakar ta baya kamar mai sosa inda hannu ba ya kai wa, ƙarshe sai da na tuɓe falmaran ɗin gaba ɗaya na tura tsuntsun. Da na mayar, nauyin ya ja rigar baya, wuyanta ya hau maƙogwarona. Haka na yi ta tafiya ina janyo ta gaba da hannu ɗaya.

Sai nawa rabon ya zo. Karyar farautar da muke tafe da ita ta tsaya cak, jela a miƙe, zakara ya tashi fir da kukan nan nasa mai kama da tsohuwar ƙofa. Na ɗaga bindiga, gindinta ya sarƙe a tattarar yadin da ta taru a hammatata. Kafin in kai ta kafaɗa tsuntsu ya yi nisa. Dattijon ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce, "Ɗana, a kanti ka gwada ta babu komai a ciki, ko?"

A hanyar komawa ya sa na yi lissafi. Kwalin harsashi 25 na bindiga mai lamba 12 (lambar awon faɗin bututu ce) ya haura kilo ɗaya. Ruwa lita biyu, kilo biyu ke nan, kuma yawancinsa ba naka ba ne, na kare ne, don kare da ke gudu cikin ciyawa ya fi mutum saurin galabaita da zafi. Zakaru biyu sun kai kilo biyu da rabi. Kusan kilo shida ke nan a jikinka, tafiyar yini guda. Abin tambaya shi ne a ina nauyin zai zauna, a wuya ko a ƙugu.

Falmaran na biyu da na saya ba shi da kyan gani. Maɗaurai biyu ne sirara a kafaɗa, da faffaɗan bel mai kauri da ke zama a kan ƙashin ƙugu, komai a jikinsa yake rataye. Ranar da na je saye na tafi da gorunan ruwa biyu a cike, da kuma rigar sanyina. Mai kanti yana kallona na loda su, na zaga kantin, na yi ta ɗaga hannu kamar mai saita bindiga, da rigar sanyi da kuma babu ita. Jakar tsuntsu tana buɗewa ta gefe, ana tura zakara da hannu ɗaya, cikinta da leda mai wankuwa, domin jini da gashi idan suka kwana a yadi wari sai ya kori mutanen gida. Tun da maɗauran ba su da faɗi, ruwan goron ya ragu, sai na ƙara da hula.

Aljihunan gaba masu murfi na zaɓa. Layin robar nan da ake jera harsasai a waje yana burge ido, amma ƙaya da kara suna zare su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma dokar da dattijon bai yarda a taka ba: kada harsashi mai lamba 20, wanda ya fi ƙanƙanta kuma rawaya ake yin sa, ya shiga aljihu ɗaya da mai lamba 12. Ƙaramin yana iya zurmawa cikin bututun babbar bindiga ya maƙale, ka ɗora wani a bayansa, bututu ya fashe a hannunka.

Ƙaramin aljihu ɗaya na hagu na ware wa wuƙa. Nakan yi bisimilla kafin in ja kunama, idan kuma karya ta kawo tsuntsu da sauran rai in yanka nan take. Da farko dattijon yana tsayawa kallo. Yanzu da zarar ta miƙo masa zakara yana motsi, sai ya ɗaga shi sama ya ƙwala min kira daga can ƙarshen gona.