Na hau dutse da igiyar ƙarfe a Italiya

Jama'a, ni da ko tsanin magina na taka sai gwiwa ta kama rawa, wai ni ne a saman duwatsun Dolomiti, kusa da garin Kortina a arewacin Italiya. Ikon Allah!

Hanyar da suke kira via ferrata muka bi. Igiyar ƙarfe ce aka kafe a jikin dutsen, da matakalai inda babu wurin sa ƙafa. Jagoranmu ya ɗaura mana ɗamara, ya ba mu hular kwano, ya yi ta nanata doka ɗaya har ta ishe mu: ƙugiyoyinka biyu ne, in ka iso turken igiya ka cire ɗaya ka maƙala a gaba, sannan ta biyun. Kada su taɓa fita tare.

Abin da ya tsaya mini a rai, sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka kafa da yawa daga hanyoyin nan, suna hawa da kaya cikin ƙanƙara. Mu kuwa har da ɗaukar hoto.

Mai sha'awa ya fara da mafi sauƙi, kuma da jagora. In hadari ya haɗo a sauko, ƙarfen yana jan tsawa.