Yadda Ciwon Gwiwa Ya Kai Ni Koyon Iyo

A cikin birnin Zariya na tashi, a unguwar da kududdufi yake bayan gidanmu, amma ban koyi iyo ba sai da na haura shekara 40. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda ko ƙafa mu tsoma a ruwan nan ba, musamman a watan Agusta da kududdufai ke cika su batse. Tana da gaskiya, domin yaran da ke satar jiki su shiga da yawansu sun yi fama da tsargiya, wato fitsarin jini. Tsutsar da ke haddasa ta tana fitowa ne daga jikin wasu ƙananan katantanwa masu zama a irin wannan ruwa, ta huda fatar mutum ta shiga jininsa.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni ruwa. Abin ya yi tsanani har zaman tahiya ya fara gagarata, tattakin safe da na soma daga Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada kuma sai ƙara kumbura gwiwar yake yi. Likitan da ke duba ni ya ce in gwada iyo, ya bayyana mini cewa idan mutum ya shiga ruwa iya ƙugu, ruwan yana ɗauke masa kusan rabin nauyinsa, idan kuwa ya kai iya wuya, abin da ƙafafu ke ɗauka bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan gaɓoɓi za su yi ta aiki ba tare da nauyin jiki yana danne su ba.

Ranar farko, a wurin ninkaya na wani otal, na damƙe ƙarfen gefen ruwan har yatsuna suka yi sanyi, zuciyata tana dukan uku-uku. Mai koyar da ni saurayi ne sa'an ɗana. Ya tallafe mini ƙeya da tafin hannunsa ya ce, "Baba, saki jikinka, ruwan da kansa zai ɗauke ka." Mako biyu muka yi a kan numfashi kaɗai: in shaƙi iska ta baki, in nutsar da fuska, in fitar da ita a hankali ta hanci ina jin kumfa tana tashi ta gefen kunnuwana. A ganina wannan darasi ne ya fi kowane amfani, domin shi ya raba ni da tsoro, kuma har a tudu ya koya mini saita numfashi idan raina ya ɓaci.

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka duk jan hannu ɗaya yana sa kafaɗa, baya, ciki da cinya aiki tare, zuciya da huhu kuma suna samun horo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ni kuwa ina cika nawa da zuwa sau uku. Ƙibata ta ragu, barcina ya yi nauyi ko a zafin Maris da Afrilu, kuma yau ina zaman tahiya lafiya lau. Mai ciwon zuciya ko farfaɗiya dai ya fara ganin likita, kuma kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara da matasa ne kuma masu yawa a cikinsu. Ga kogin Kubanni ga kogin Galma a kusa da mu, hani kaɗai kuwa ba ya raba yaro da ruwa. Akwai maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. A Zazzau mun riƙe hawan doki gam, duk wanda ya ga hawan Sallah zai shaida, amma iyo mun bar shi ga kududdufi. Muna buƙatar wurare masu tsabtataccen ruwa da kuɗin shiga daidai aljihun talaka, da lokaci na musamman ga mata tare da mace mai koyarwa. Ɗana ƙarami ya fara bina ranar Asabar, yayarsa kuma har yanzu tana jiran in samo mata irin wannan wuri.