Tarihin Rayuwata, Kashi na Goma Sha Ɗaya: Shekarar da Littafina Ya Kwana a Hannun Wasu

A makon jiya na tsaya ne a daren da na kammala rubuta littafina na uku, a ƙarshen daminar 2022. Shekarar da ta biyo baya ita ce ta fi kowace gajiyar da ni tun da na fara riƙe alli, domin a cikinta aji yana jirana da safe, taruka suna kirana a ƙarshen mako, shi kuwa littafin yana can ajiye a ofishin wani kamfanin ɗab'i, ban ma san ko an buɗe shi ba.

Littattafaina biyu na farko da kuɗin aljihuna na buga su, kamar yadda akasarin marubutan Kano suka saba tun shekarun 1980. Mutum ya kai wa mai kwamfuta ya buga masa, ya biya mai zanen bango, ya sayi takarda ya kai maɗaba'a, sannan ya ɗora kwalaye a mota zuwa wajen dilolin littattafai na Sabon Gari, su karɓa bashi, sai sun sayar su biya shi kaɗan-kaɗan. Ba na raina wannan hanya, domin ita ce ta koya wa matan aure da 'yan mata masu yawa son karatun Hausa a lokacin da manyan kamfanoni suka ja baya. Sai dai littafin da ya bi ta nan da wuya ya shiga aji, ni kuwa aji nake so wannan ya shiga. Kowace shekara ina tsayawa gaban ɗalibai ina ba su labarin gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga da boko, da yadda Kamfanin Gaskiya da kuma kamfanin ɗab'i na NNPC, wanda aka kafa a 1966, suka riƙa kai littattafai makarantu. Na so a ce wata rana yaran nan su karanta labarin da ya yi kama da unguwarsu ta yau, mai layin ɗibar ruwa da hayaniyar babura masu ƙafa uku. Saboda haka na ɗauki rubutun na kai wa wani kamfani daban, wanda ba zan ambaci sunansa ba, aka rubuta mini takardar shaidar karɓa, aka ce in saurari kira cikin wata uku.

A makaranta a lokacin ina da azuzuwa biyar, kuma mafi ƙarancinsu ya haura yara saba'in. A wani aji kwafi huɗu kacal muke da su na littafin da aka wajabta karantawa, don haka nakan raba yaran gida huɗu, guda ya karanta da ƙarfi, sauran su sunkuyo da kai a kafaɗarsa. Akwai kwafin da bangonsa ya rabu da shi tun da daɗewa, wata yarinya ta ɗinke shi da zare da allura ta dawo da shi. Da dare kuma makin aikin gida ne a ƙarƙashin fitilar caji, ga rubuta tsarin darasi da mataimakin shugaba zai sa wa hannu ranar Litinin. Lokacin da na keɓe wa rubutu shi ne daga sallar Asuba zuwa ƙarfe shida da rabi, kuma da wannan ɗan lokaci na rubuta littattafan nan uku.

To, wannan lokacin ne taruka suka cinye. Tun da aka ji muryata a wani shirin adabi na gidan rediyo, sai gayyata ta riƙa zuwa, yau a ce in zama mai sharhi a bikin ƙaddamar da littafi, gobe alƙalin gasar gajerun labarai, jibi mai jawabi a wata makaranta. Wanda bai taɓa yin sharhin littafi ba yana ganin minti goma sha biyar ne a kan mumbari, bai san an kwana biyar ana karatu da jan biro ba. Na sha zama a irin waɗannan bukukuwa ina kallon babban mai ƙaddamarwa yana sanar da kuɗi ana tafi, bayan wata biyu in haɗu da marubucin yana zaryar neman cika alkawari. Ni kuma a sallame ni da kuɗin mota da godiya. Duk da haka ban iya cewa a'a ba, saboda wasu sun zo mini lokacin da nake neman mai duba nawa, musamman a zaman karatu na reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, inda na fara karanta rubutuna a gaban jama'a, aka yi mini gyaran da har yau nake cin moriyarsa.

Sau ɗaya abin ya zo mini a haɗe. An gayyace ni wani taron marubuta na kwana uku a wajen jihar, aka kuma shaida mini cewa masu kamfanonin ɗab'i za su halarta. Na shiga ofishin shugaban makaranta da takardar a hannu, na ce, "Ranka ya daɗe, izini nake nema." Ya karanta a natse, ya ɗago ya ce, "Malam, ba zan hana ka ba, amma 'yan aji shida saura mako uku su shiga jarrabawar WAEC, kai ka san inda kuka tsaya." Na sani kuwa, ba mu taɓa rubutacciyar waƙa ba tukuna. Na naɗe takardar na sa a aljihu na koma aji. Har yau ina ganin daidai na yi, amma ba zan ɓoye ba, ranar nan na koyar da ƙafiya da amsa-amo zuciyata tana wani gari.

Wata uku ya zama wata bakwai. A Fabrairun 2023, lokacin da ƙarancin takardun naira ya sa kuɗin mota ma ya gagari mutane, ban iya zuwa ba sai waya, ita ma amsarta ɗaya ce: "Malam, a ƙara haƙuri, yana hannun mai dubawa." Da na samu ganin editan bayan ƙaramar Sallah, ya karɓe ni da mutunci, ya fito da rubutun, na ga alamun jan biro har shafin ƙarshe, abin da ya sanyaya mini rai. Ya ce littafin ya yi, amma ba za su zuba kuɗi ba sai in akwai tabbacin za a sa shi cikin jerin littattafan makarantu, ko kuma in ɗauki rabin nauyin bugun. Na ce masa, "Yallaɓai, masu zaɓen littattafan makaranta bugagge suke dubawa, yaya za su zaɓi abin da bai fito ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ma'aikaci ne. Ban ga laifinsa ba, domin na san takardar ɗab'i daga waje ake shigo da mafi yawanta. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, aka kuma bar kasuwa ta yanke wa naira daraja a Yuni, sai mai maɗaba'ar da na saba da shi ya ce mini duk lissafin da zai ba ni na mako guda ne, bayan nan sai an sake. Rabin nauyin da ake so in ɗauka ya fi albashina na watanni.

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu ta yi suna a rubutun intanet, ta ba ni shawarar in riƙa sakin labarin babi-babi a WhatsApp, masu karatu su biya su shiga. Na yaba da abin da suke yi, domin sun sami masu karatu ba tare da sun sayi takarda ko rim ɗaya ba. Amma yaran da na rubuta dominsu ba su da waya, wanda ma yake da ita doka ta hana shi shiga da ita makaranta.

A ranar 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa ta Duniya, aka ba ni minti goma a wani taro, na karanta babi na farko. Bayan an tashi, wani dattijon malami daga wata makarantar karkara ya same ni a bakin ƙofa, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ina ake sayar da shi? Kwafi talatin nake so, ko da biya biyu ne." Na ce masa bai fito ba tukuna. Ya rubuta mini lambarsa a bayan takardar shirin taro, ya ce in kira shi ranar da ya fito.

A daren nan na gaya wa uwargida cewa zan je in karɓo rubutuna. Ta tambaye ni da wane kuɗi zan buga, na ce adashin malamai zai zagayo kaina a watan Nuwamba. Ranar Litinin da sassafe, da yake ana hutu, na ɗauki takardar shaidar karɓar nan na nufi tasha.

Za mu ɗora daga nan a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.