Yadda ake tsare zaƙin kunu da zoɓo kada ya gudu cikin gora

Gorar kunun zaƙi da aka cika da hantsi aka ɗaure ta tam, in ta wuni a inuwar shago cikin Afrilun Sakkwato, kafin la'asar za ka taɓa ta ka ji ta yi tauri kamar dutse. Gindinta ya turo waje, ba ta iya tsayuwa a kan tebur. Ka murɗa murfi ta yi fuuu, kumfa ta biyo hannu. Ka kurɓa, zaƙin safe babu shi, sai tsami da ɗan cizo a harshe. Abin da yawancin masu sana'a kan yi shi ne gobe su ƙara sukari. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Kunu abu ne mai rai. Tun daga jiƙon gero akwai ƙananan halittu iri biyu da ke aiki cikinsa. Na farko bakteriya masu kawo tsami, dangin waɗanda ke mai da madara nono. Na biyu yis, irin na burodi, wanda ke zaune a jikin hatsi da ɓawon kayan marmari da bakin robar da ba ta wanku ba. Dukansu sukari suke ci. Bakteriya su mai da shi tsami, yis ya raba shi kusan biyu, rabi gas rabi barasa. Zafin da yis ya fi so tsakanin digiri 25 ne da 35, wato zafin ɗakunanmu a yawancin watannin shekara.

Giram 10 na sukari, ƙasa da babban cokali ɗaya, in yis ya cinye shi yana fitar da gas kusan lita biyu da rabi. Gorar rabin lita da aka zaƙaƙa daidai bakin mutane tana ɗauke da wajen giram 40. Ko kashi ɗaya cikin huɗu yis ya ci, gas ɗin da ke cikin gorar ya zarce na lemon kwalba. Roba takan kumbura ta yi gargaɗi. Kwalba ba ta gargaɗi, fashewa take yi, shi ya sa ba a ɗura ɗanyen kunu mai sukari a kwalba a rufe, ko da na awa biyu ne.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi ɓarin kunu nauyi. Kowane giram 17 na sukari da yis ya ci a lita ɗaya yana barin barasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Al'amarin ba sabo ba ne: a Sahihu Muslim, Ibnu Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin kwana na uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Jiƙon da ya fara tafasa da kansa, yana kumfa ba wuta, ba na sha ba ne kuma ba na sayarwa ba.

To ina mafita? Sukari da yis mai rai kada su daɗe tare a wuri mai ɗumi. Ko a jinkirta sukarin, ko a kashe yis ɗin, ko a sanyaya shi ya kwanta. Kowane abin sha da wadda ta fi karɓarsa.

Kunun zaƙi tun asali ba daga sukari ya samo sunansa ba. Dankalin Hausa da tsiron hatsi suna da wani sinadari da ke narka sitaci ya mai da shi sukari mai sanyin zaƙi, kuma nan ne hannu ke bambanta da hannu. Ga gero kilo ɗaya, a jiƙa shi awa goma zuwa sha biyu, a canza ruwa sau ɗaya in ana zafi, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. A raba ƙullun uku. Kashi biyu a dama da tafasasshen ruwa kamar lita biyar har ya yi kauri kamar koko. Kashi na ukun a haɗa shi da markaɗaɗɗen ɗanyen dankali giram 300, ko garin tsiro cike da tafin hannu biyu.

Kuskuren yana wajen haɗawa. In aka zuba ɗanyen ƙullun cikin damun yana tururi, zafi ya kashe sinadarin, don ba ya jure abin da ya wuce digiri 75 sosai. In kuma aka bari ya huce sarai, aikinsa ya yi sanyi, bakteriya su riga shi. Wurin da ake so wajen digiri 60 ne: yatsa ya shiga, amma ba ya iya zama. A juya, a rufe, a lulluɓe robar da bargo awa ɗaya zuwa biyu. Alamar an dace ita ce damun da ludayi ke tsayawa a ciki ya tsinke ya koma ruwa, ka ɗanɗana ka ji zaƙi ba a sa komai ba. Daga nan sai a bar shi ya zauna: a lokacin bazara awa shida zuwa takwas sun isa kafin a tace. Kwana cur na lokacin hunturu ne.

Mai yin tsiron dawa ya murje saiwa da ɗan kan da ya fito bayan ya bushe, ya sheƙe su, don a nan dafin tsiron dawa ke taruwa.

Wannan zaƙin ma yis na cin sa, kada a ruɗi kai. Amfaninsa shi ne kunun ya yi jiki da garɗi, sukarin da za a ƙara ya ragu sosai. Shi kuwa sukarin, a narka shi daban: kilo biyu a ruwa lita ɗaya, a tafasa minti biyar, a huce, a ajiye a wankakkiyar jarka. Kaurinsa ya fi ƙarfin yis, yana yin makonni bai lalace ba. Babban cokali uku na wannan ruwan kusan giram 40 ne, daidai gorar rabin lita. Kunun ya zauna cikin sanyi ba sukari, sai an zo fita da shi a zaƙaƙa iya wanda zai ƙare cikin 'yan awoyi. Mai awo da gwangwanin madara, shafaffen gwangwani yana ɗaukar sukari giram 130 zuwa 140, ya ishi lita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Za a ce me ya hana a tafasa kunun bayan an tace a huta? Ɗanyen sitacin da ya rage cikinsa ne. Da ya ji zafin da ya kai digiri 70 sai ya kumbura, kunun sha ya koma na ludayi. Haka kunun aya, shi ma sitaci gare shi, ga mai, ga dabino da ake markaɗawa ciki da duk abin da ke jikin ɓawonsa. Babu abin da ya kai shi saurin juyawa. Mutanen Balensiya ta ƙasar Sifen, da suka shahara da nasu kunun ayar, ɗanyensa cikin sanyi suke tsare shi su shanye cikin kwana biyu zuwa uku. A nan, in ba firij mai riƙe digiri 4 ko kula cike da ƙanƙara, kunun aya na yini ɗaya ne. Sanyi kuma kwantar da yis yake yi, ba ya kashe shi. Aka ɗauke wuta gorar ta ɗumama, zai tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Zoɓo ya fi su sauƙin kai, don ba sitaci gare shi ba kuma wuta ba ta ɓata shi. Abin da ke lalata shi shi ne abin da ake zubawa bayan an sauke: ɗanyen ɓawon abarba, ɗanyar citta, ruwan randa na ƙari, ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. A dafa ɓawon da cittar tare da zoɓon, a tace, a sa sukari, a mayar kan wuta ya yi minti biyar yana tafasa. Mai son ya daɗe ya ɗura a kwalaben da aka dafa, ya bar sararin yatsa biyu a wuya, ya rufe, ya jera su a tukunyar ruwa da tsumma a ƙasa, ya riƙe zafin a digiri 70 na minti ashirin zuwa talatin. Gorar ruwa ba ta wannan aikin, lanƙwashewa take yi. Ita kuwa in za a sake amfani da ita, a kula da zaren murfi, nan tsohon yis ke maƙalewa.

Kanwa tana kashe tsamin zoɓo har ya ji kamar an ƙara sukari, amma tana duhunta jan, kuma tsamin da ta kashe shi ne ke kare zoɓon daga lalacewa. Ɗan gishiri a bakin ƙaramin cokali cikin lita biyar ya fi ta, yana fito da zaƙi bai taɓa launi ba. A kuma ɗanɗana da sanyinsa, don abin da ya yi daidai da ɗumi yakan ji lami in ya yi sanyi.

Zuma da mazarƙwaila da dabino, duk daɗinsu, wajen yis sukari ne kawai. Ɗanyar zuma ma da nata yis take zuwa, yana kwance har a tsinka ta da ruwa, kuma ba a ba jaririn da bai shekara ba. Masu zaƙin da yis ba ya iya ci su ne irin su sakarin, mai ninka sukari wajen sau 300, da sukuralos mai wajen sau 600, da sitibiya ta ganye. Gora ba ta kumbura saboda su, amma ba su da jiki, kunun sai ya ji salam, sakarin kuma in ya ɗan yi yawa yana barin ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe. Rabin sukari da ɗigonsu ya fi su kaɗai daɗi, kuma haƙƙin mai saye ne a gaya masa. Asfatam, shi ma irin waɗannan masu zaƙin ne, ba ya son wuta, in aka tafasa shi zaƙin ya tafi.

Hodar hana lalacewa da ake saye a shagon kayan kek, sobet da benzowet, ba ta gyara abin da ya riga ya fara. Sobet hana yis haihuwa yake yi, waɗanda ke raye su ci gaba da ci. Benzowet kuwa sai a abu mai tsami sosai yake aiki, kamar zoɓo, kuma ba a haɗa shi da abin da aka sa wa bitamin C a bari a rana. Awonsu wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na giram a kowace lita, abin da cokali ba ya iya aunawa. Wanda ba shi da ƙaramin sikeli mai nuna ɗigon giram, ya bar hodar a shago ya sayi ƙanƙara.