Ƙanƙarar da ta cinye mini wata bakwai

Baba ne ya fara gani. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinmu ne, Bayarabe, amma ya yi shekara ashirin a Kaduna, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ranar wata Laraba ya zo wucewa ta bayana, ya ɗauki kwalba ɗaya daga cikin waɗanda na jera, ya ɗaga ta saitin taga ya ce, "'Yata, wannan ruwan jinin naki me ya sa yake ja-ja haka?"

Na ce, "Baba, ai shi ne sakamakon da nake nema. Na masu sikila ne."

Ya ce in nuna masa yadda nake kawo jinin daga Agege, unguwarmu a nan Legas. Na janyo kulata na buɗe. Ya dubi ƙullin ƙanƙara huɗu da ke ciki, ya dubi inda nake kwantar da kwalaben a kansu, bai ce komai ba na ɗan lokaci. Can ya ce, "Gobe ki ɗebi naki jinin kwalba biyu. Ɗaya ki juya shi a injin ware ruwan jini a nan take. Ɗaya ki sa a kular nan, ki je Agege ki dawo yadda kika saba."

Ni AA ce, ba ni da sikila. Kwalbar da na bari a ɗakin gwaji ta fito da ruwa garau, launin kara, yadda ruwan jinin mai lafiya yake. Wadda ta je Agege ta dawo kuwa, ja-ja ta fito, ba ka raba ta da ta yaran da nake ta murna a kansu tun watan Maris. Na zauna a kan kujera hannuna yana rawa. Jini arba'in da shida ke cikin firiza, na yara arba'in da shida, kowanne a kan ƙanƙarar nan ya zo.

Abin da nake bi shi ne hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke zubewa cikin jini idan ƙwayoyin suka fashe. Kowa ya san labarin laujen: harafi ɗaya ya canza a cikin ƙwayar gado, hemogulobin ya riƙa dunƙulewa idan iskar oksijin ta yi ƙasa, jar ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Haka aka koya mana, kuma gaskiya ne. Amma binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna toshewar ba ta lanƙwasa kaɗai ba ce. Ƙwayar mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20, kuma wani kaso a cikin jijiyar yake fashewa. Hemogulobin ɗin da ya fito tsirara yana lashe nitirik oksaid, sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Sannan hem, ɗan ɓangaren da ke ɓallewa daga jikin hemogulobin ɗin, yana taɓa wani mai gadi a kan shimfiɗar cikin jijiya, ana ce masa TLR4. An nuna wannan a jikin ɓeraye a 2014. Da hem ya taɓa shi, cikin mintoci shimfiɗar ke fito da wani furotin mai danƙo, P-selectin, sai fararen ƙwayoyi da jajaye su fara mannewa a bango. Ke nan jijiyar da kanta tana cikin masu laifi. Wannan ne ya kama ni tun ina aji uku a jami'a, domin ƙanena da ya rasu yana shekara tara, ciwon ƙirji ne ya tafi da shi cikin kwana biyu, kuma na daɗe ina son sanin abin da ya gudana a jijiyoyinsa a kwanakin nan biyu.

Aikina mai sauƙin faɗa ne. In ɗebi jinin yaro mai SS, in ware ruwan, in auna hemogulobin ɗin da ke yawo a ciki, sannan in zuba ruwan a kan ƙwayoyin shimfiɗar jijiya da muke rainonsu a faranti, in ga ko za su yi danƙo. Sai in kwatanta da na masu AA. Kuma sun yi danƙo, danƙo na ban mamaki. Malamina ya ga hotunan ya ce wannan ya isa a buga a mujalla. Na kira mahaifiyata na gaya mata, ta yi ta sa albarka.

To ga inda na ɓata. Jajayen ƙwayoyi ba sa shiri da daskarewa. In kwalba ta jingina da ƙanƙarar da ta fito daga firiza, jinin da ke gefen yana daskarewa, in ya narke ƙwayoyin sun tsage. Ga girgizar motar haya ta danfo a titin Agege Motor Road, daga Ikeja zuwa Oshodi zuwa Mushin, wata rana awa biyu, ranar ruwan sama awa uku da rabi, don lokacin jirgin ƙasan Agbado zuwa Oyingbo bai fara ɗaukar fasinja ba. Ni kuma tsoron zafin Legas ne ya sa nake ƙara ƙanƙarar. Duk ranar da rana ta buɗe sai in ƙara ƙulli ɗaya, a ganina kiyaye jinin nake yi. Abin da nake aunawa, fashewar ƙwaya, da hannuna nake haddasa shi a hanya.

Kuma da a ce duka jinin haka ya zo, da da sauƙi, da an gane da wuri. Abin da ya rufe mini ido shi ne na masu AA ban taɓa ɗauko su daga Agege ba. Abokan karatuna nake roƙa a nan ɗakin gwaji, in ɗeba, in juya a injin cikin minti goma. Ashe ba SS da AA nake kwatantawa ba, jinin da ya sha hanya da wanda bai sha ba nake kwatantawa. Har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata ta yi nauyi, domin ba ilimi mai zurfi ake buƙata ba kafin a ga wannan. Kwalba ɗaya ta jinina, tafiya ɗaya, tun makon farko, da ta isa.

Malamina bai yi faɗa ba. Ya ce a zubar da sakamakon gaba ɗaya, kada a tsinci ko ɗaya. Na roƙe shi mu ware waɗanda ba su yi ja sosai ba, ya ce da me zan auna wanda ƙanƙara ta ɓata kaɗan da wanda cuta ta ɓata kaɗan? Ba ni da amsa. Yana da gaskiya, kuma na gode masa yanzu, ko da yake ranar kuka na yi a masallacin mata har aka kira la'asar.

Asarar kuɗi ma ba ƙarama ba ce. Ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar nan daga cibiyar jarirai ake samo su, daga waje ake sayo su a daskare da dala, kuma in ka raba su sau shida ko bakwai sun tsufa, ba sa amsawa yadda ya kamata. Na ƙarar da nawa a kan gurɓataccen ruwa. Lokacin da aka sayi na farko dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. Da zan sake saye a farkon 2024 ta haura 1,400. Yayana da ke sayar da tumatir a Mile 12 shi ya cika mini, bai ma tambayi me ƙwayoyin ke yi ba.

Amma duk wannan bai kai komawa wurin iyayen yaran ciwo ba. Wanda bai taɓa neman jini a unguwarmu ba ba zai gane ba. Mutanenmu ba su manta abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin da aka gwada maganin sanƙarau a kan yara, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Kafin a ba ni ɗigo ɗaya sai da na yi wata biyu ina zarya, na gaida masu unguwa, limami ya yi bayani bayan sallah, na zauna da mata a Islamiyya ina karanta musu takardar amincewa da Hausa layi-layi. Sun yarda ne don a gabansu na girma, sun san gidanmu, sun san kabarin ƙanena. Kowane yaro cokalin shayi ɗaya na ɗiba. A wurin yaron da jininsa kullum yake ƙasa, uwar da ta sha kwana a asibiti tana neman wanda zai ba da leda ɗaya, cokalin shayi ba ƙaramin abu ba ne.

Wata ƙawata ta ce in ce musu kawai kashi na biyu na binciken ne ya zo. Na kwana ina juya maganar. Da safe na ga ba zan iya ba. Na tara su na ce jinin da suka ba ni ya lalace a hannuna, kuskurena ne, ba na asibiti ba, ba na kowa ba. Na ɗauko kular na nuna musu. Wata dattijuwa, kakar 'yan biyu, ta ce, "Ke yanzu 'yar nan, da bakinki kike cewa kin ɓarnatar da jinin jikokina?" Na ce, "Eh, Inna." Ta tashi ta fita, ba ta sake kawo su ba, kuma ban ga laifinta ba. Wata kuma, matashiya, ɗanta ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana shekara biyar, ta ce, "Anti, tunda kin faɗa mana gaskiya, ranar Asabar zan kawo shi." Cikin arba'in da shida, talatin da ɗaya suka dawo. Biyu daga cikin waɗanda ba su dawo ba, an yi musu ƙarin jini a tsakani, dole na cire su. Ɗaya kuma ta rasu a watan Nuwamba, yarinya 'yar shekara bakwai. Jininta yana cikin waɗanda na zubar. Wannan shi ne wanda ba ya barina.

Zagaye na biyu na canza komai. Na ari ƙaramin injin juya jini, na ajiye shi a wani ƙaramin asibiti a nan Agege, da ɗan janareta a gefe don wuta ba abin dogaro ba ce. Ana ɗiba, cikin rabin awa na juya, na tsotse ruwan na raba a ƙananan kwalabe. Ruwa zalla ke hawa mota yanzu, shi kuwa ƙanƙara ba ta yi masa komai, don babu ƙwayar da za ta fashe. Na daina tura jini daga sirinji ta bakin allura zuwa cikin kwalba, wannan ma yana fasa ƙwaya, Baba ne ya nuna mini. Na masu AA kuma na daina roƙon abokan karatu. 'Yan'uwan yaran nake ɗiba, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda gwaji ya nuna AA ne, a ɗaki ɗaya, safiya ɗaya, hannu ɗaya. Kuma kowace tafiya akwai kwalbar jinina a cikin jerin. In tawa ta canza launi, na ranar duka ba su shiga lissafi.

Duk mai shirin irin wannan aiki a Legas, ya rubuta ƙarfe nawa aka ɗebi jini da ƙarfe nawa aka juya shi, a jikin kwalbar, ba a ka ba. Ya kuma ɗaga kowace kwalba saitin haske kafin ya sa ta a na'ura. In kuma sakamako ya zo daidai da abin da zuciyarsa ke so, ranar ce zai kira wani ya duba masa kula da firiji da sirinji. Ni na yi wata bakwai ina kallon jan ruwan nan kullum, ina ganinsa a matsayin hujja, don shi nake so in gani.

Bambancin bai ɓace ba. Ruwan jinin masu SS ya fi na 'yan'uwansu hemogulobin tsirara, kuma yana sa ƙwayoyin faranti danƙo. Sai dai bai kai ko kusa da abin da na gani da farko ba, kuma yaran sun sha bamban a junansu. Waɗanda ke shan haidiroksiyuriya a kai a kai, nasu ya fi laushi. Adadinmu ya yi kaɗan a kafa hujja da shi, amma ya dace da abin da aka sani, cewa maganin yana ɗaga hemogulobin na jarirai wanda ba ya dunƙulewa, kuma likitocin Asibitin Malam Aminu Kano sun yi shekaru suna nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar jiki.

Wannan ƙaramin sakamakon ya sa na fara karanta labarin sababbin magunguna da wani ido. Maganin da aka ƙera don toshe P-selectin ɗin nan, Amurka ta amince da shi a 2019, amma a 2023 Tarayyar Turai ta janye izininsa bayan babban gwaji ya kasa nuna ya rage tashin ciwo. Wani kuma, Oxbryta, an janye shi daga kasuwa a Satumban 2024. Abin da ya yi kyau a faranti ko a jikin ɓera, jikin mutum yakan zo da nasa bayanin. Casgevy, wanda ke gyara makunnin wata ƙwayar gado mai suna BCL11A don jiki ya koma yin hemogulobin na jarirai, Ingila da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023, amma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne, a ƙasar da ake ƙiyasin ana haifa mana jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara. Matar nan da ta ce za ta kawo ɗanta ranar Asabar ta ji labarinsa a rediyo, ta tambaye ni ko zai zo Legas. Na ce mata kada ta daina ba shi haidiroksiyuriya da folik asid, kuma kada ya kwana babu gidan sauro.

Kular tana nan a ƙarƙashin teburina, yanzu da kwali biyu da tawul a tsakanin ƙanƙara da inda kwalabe ke zama. Makon jiya wata sabuwar ɗaliba ta zo aronta, za ta ɗebo jini daga Ikorodu. Na ce ta nannaɗe hannun rigarta tukuna, na ɗebi kwalba biyu daga jikinta, ɗaya na miƙa wa Baba, ɗaya na sa mata a ciki.