Ɗalibin wasan kwaikwayo a hannun 'yan diramar ƙauye

Wasan kwaikwayo nake karanta a jami'a, kuma in kana wannan kwas ɗin a Kano ka san zancen da ake yi kullum a bakin aji, wai ina mutum zai je ya samu gogewa. Kusan kowa Zoo Road yake ambata, can inda ofisoshin 'yan fim suke, a je a yi ta zaman benci ko Allah zai sa wani furodusa ya ce kai zo ka riƙe mana wannan. Ni kuwa da an yi hutu ko an tafi yajin aiki gida nake tattarawa, wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, kuɗin motar zirga-zirgar Kano ba ni da shi, toh a haka na faɗa hannun 'yan diramar garinmu, kuma wallahi har yau ban ga inda aka gyara ni kamar nan ba. Shi ya sa nake ta yi wa ƙannenmu na baya naci, in akwai ƙungiyar dirama a garinku ko garin da ke kusa da ku kar ku raina ta.

Tamu ƙungiyar ba su kai mutum ashirin ba. Shugaban tela ne, sa'an babana, duk Baba muke ce masa, tun yana sakandare yake dirama, zamanin da ake cika gidan mai talabijin ɗaya a unguwa don kallon wasannin CTV da NTA Kano. Sauran akwai mai faci, akwai malamin firamare, akwai ɗan acaɓa, sai manoma zalla. Ba su da ofis, kayan wasan gaba ɗaya a wani tsohon akwatin ƙarfe suke ƙarƙashin teburin yankan Baba, rawani, gemun auduga, rigar ɗan sanda da ta koɗe, rigar dogari ja da kore, zannuwa da mayafai, kulki, da farar rigar likita guda ɗaya tak wadda kowa ke sawa ko ta yi masa ko ba ta yi ba. Kawuna ne ya kai ni, ya ce Baba ga ɗanka nan, wai abin naku yake karantawa a jami'a. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce to madalla, gobe bayan la'asar ka zo firamare, ka taho da tsintsiya.

Ba sa rubuta komai, wannan shi ne farkon abin da zai ɗaure wa ɗalibi kai. Baba zai zauna a benci ya ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, sai a yanka shi fitowa-fitowa a raba, kai ne maigida, kai ne mai bin bashi, ke ce uwargida, ga ƙato da gashin baki ana ce masa ke. Maganar da za ka faɗa taka ce, abu ɗaya ne ba a yarda ka taɓa ba, jimlar da za ka rufe fitowarka da ita, saboda ita na bayanka yake jira ya ji ya shigo. Mu a aji an sa mu haddace cewa 'yan wasan Italiya na ƙarni na 16 haka suke yi, a kafe takardar jerin fitowa a bayan dandamali kowa ya duba ya shiga ya ƙirƙiri maganarsa, na rubuta a jarrabawa na ci maki abina, amma yadda abin yake aiki a jikin mutum sai a ajin firamaren nan mai ɓallalliyar taga na gani. Dole ka saurari abokin wasanka da gaske tunda ba ka san me zai fito daga bakinsa ba, jiya ya ce maka buhu uku yake binka yau ya ce biyar, in ka tsaya jiran maganar jiya kunya za ka sha a gaban mutane.

Sai zancen wuri, kuma nan ne na fi ƙaruwa. A makaranta mun saba da ɗaki, 'yan kallo a gaba kai kana sama, ga fitilu ga labule. A garinmu wuraren wasa huɗu ne, filin firamare, ƙofar gidan dagaci, gidan kallon ƙwallo, sai ɗakin taro na sakatariyar ƙaramar hukuma in an gayyace mu, kuma kowanne da halinsa. A fili mutane zagaye ku suke yi ta ko'ina, ba ka da baya da za ka ɓuya, in ka daɗe kana fuskantar gabas na yamma sun fara kai malam juyo mana, don haka 'yan wasan nan ba sa tsayawa cak, magana biyu uku sun canja wuri, kuma sai su sa canjin ya zama cikin wasan, mai bin bashi yana zagaya maigida maigida yana kauce masa. Kafin a fara Baba yakan tsaya ya dubi rana, ya zaunar da manya ta inda ranar za ta zama a bayansu, ita ce za ta haska fuskar 'yan wasa kyauta su kuma ba za ta kashe musu ido ba. Da hunturu har iska ake dubawa, in ka yi magana kana fuskantar inda take tahowa rabin maganar ta tafi. Da toka ake zana da'irar wasa, yara a gaba a ƙasa, mata a gefe guda da tabarminsu, sai a sa mutum ɗaya da tsumagiya yana mayar da yara baya, don da wasa ya yi daɗi da'irar matsewa take yi har ka rasa inda za ka sa ƙafa. Wurin canja kaya kuwa zana biyu ne aka jingina, ko aji in a firamare ne.

Murya kuma ba makirufo. Akwai wata lasifika da ake haya, amma janareta ƙararsa ta fi amfaninsa sai an kai shi bayan katanga da doguwar waya, kuma makirufo ɗaya ne ana miƙa wa juna, abin yana kashe wasa. Baba yakan tura ni ƙarshen fili ya ce tsaya can ɗana, in ba ka ji ba ɗaga hannu, sannan mu yi musanye ni na shiga tsakiya. Ba ihu yake so ba, cewa yake ka buɗe baki ka cika kalma ka bar gudu. Duk atisayen numfashin da ake sa mu a makaranta muna yi muna dariya, a nan na gane amfaninsa.

Lokaci ma wani darasi ne. Daga la'asar zuwa magariba shi ne duk abin da kuke da shi, da ladan ya ɗaga murya fili ya watse ko da a tsakiyar shari'a ake. Saboda haka kowane wasa ana gina shi da hanyar yanke, in Baba ya ga rana ta yi ja sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kowa ya san a tsallake a tafi fitowar ƙarshe. Gidan kallon ƙwallo ya fi sauƙin murya kuma za a iya karɓar kuɗin ƙofa, sai dai rufin kwano ne ga zafi, ranar da ba wasan Turai kawai ake ba ku, kuma maza ne zalla ke shiga. Ɗakin taron sakatariya kam ni ban cika son sa ba, sauti yana amsawa, ga kujerun manya a gaba, talakan da aka yi wasan dominsa yana tsaye a taga.

Kar ka kuskura ka yi tunanin fili na kowa ne. A gaya wa mai unguwa ya kai ga dagaci, a sanar da liman, a leƙa ofishin Hisba a faɗi abin da za a yi, in firamare ce a roƙi hedimasta. Wasu 'yan ajinmu suna ganin wannan ɓata lokaci ne, amma ai mun ga abin da ya faru a 2016 da gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka ƙi, aka fasa. In na gwamnati mai biliyoyi ya tsaya saboda ba a samu yardar mutane ba, ina ga kai da akwatin ƙarfe. Su Baba shekara da shekaru suna wasa ba a taɓa tashinsu ba, don sun san iyakar gari, maza ne ke fitowa a mata, ba a kwaikwayon wani sananne a garin, ba a wasa da addini. 'Yan uwanmu mata masu wannan kwas su ma akwai ƙofa, makarantun Islamiyya da na 'yan mata suna shirya gajerun wasanni lokacin sauka ko bikin yaye ɗalibai, kuma kullum suna neman mai taimaka musu.

Wasan da ba na mantawa na bashin taki ne. Manomi ya karɓi taki da damina a kan zai biya da riɗi in an yi girbi, riɗi ya yi kyau ya yi kuɗi, sai gogan naka ya ɗauki kuɗin ya kai gaisuwar ƙarin aure. Ni da karatuna na kawo shawara, na ce Baba akwai wani ɗan ƙasar Barazil Augusto Boal da yake tsayar da wasa a tambayi 'yan kallo mafita, kuma a ABU Zariya tun bayan da Michael Etherton ya fara koyar da dirama a 1975 ɗalibai suke fita Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska suna haɗa wasa da manoma. Baba ya ce to ai mu nan ba sai an tambaye su ba. Aikuwa ranar wasan mai faci, wanda ya fito a manomin, yana tsakiyar rantse-rantsen ba shi da ko sisi sai wata tsohuwa daga cikin mata ta ɗaga murya, ƙarya yake, ku duba aljihun ciki! Mai faci bai fita daga wasan ba, ya juyo ya ce haba Iya, ni da ke har da tonon asiri, fili ya kece da dariya, mai bin bashi ya cafke maganar ya ce to tunda Iya ta faɗa a duba. Ka ga sun karɓi maganarta sun mayar da ita cikin labarin ba tare da labarin ya ɓace ba, wannan ba a koya shi a allo.

Duk da haka mun gwada tsayarwar a ƙarshe, kuma can ma na ga wani abu. Aka tambayi jama'a ya za a yi da mai cin bashi, wakilin dagaci ya fara magana, daga nan shikenan kowa ya ja bakinsa, wa zai ja da shi. A wasa na gaba sai Baba ya roƙe shi cikin ladabi, ranka ya daɗe kai ne za ka rufe mana, aka fara da samari da mata, nan ka ji zance, har wani ya ce masu ba da takin ma zalunci suke yi wajen yanke farashi tun damina, abin da mu ba mu sa a wasan ba.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna daga ina Kannywood ɗin ta fito. Ƙungiyar dirama ce, Tumbin Giwa, ta yi Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa a Kano. Kafin su ma ga tashe da ake farawa in azumi ya kai goma, ga kalankuwa bayan girbi, ga 'yan kama, duk mutanenmu sun san kwaikwayo tun kafin a buɗe masa sashe a jami'a.

Ba wai komai nasu daidai ba ne fa. Suna jan fitowa har ta gundura, mutum in ya ji ana masa dariya ba ya son fita. Akwai dariyar arha da ake nema da kwaikwayon kurma ko mai in'ina ko Hausar wata ƙabila, wannan na faɗa wa Baba ba na so, wani ya rage wani bai rage ba. Mafi raunin wasanninsu kuma su ne waɗanda ake biya, na rigakafi ko gidan sauro ko na 'yan siyasa lokacin kamfe, a sa wa mutum farar riga ya tsaya yana lacca, kana gani mutane na zamewa ɗaya-ɗaya. Amma da kuɗin ake sayen gemu da hayar lasifika, ba ka isa ka ce su bari ba.

Abin da ya fi ɓata musu rai ɗalibai ne masu zuwa da takardar tambayoyi, a ɗauki muryarsu a ɗauki hoto a tafi a rubuta kundin digiri, ko sunan ƙungiyar ba a sawa balle a dawo a ce an gode. In za ka je ka je da abin yi. Ni nake rubuta musu wasiƙar neman fili da ta neman tallafi, nake ɗaukar wasa a waya in yanke in tura musu, kuma yanzu na fara zama da Baba a shago yana ɗinki yana ba ni tsofaffin wasanninsu ina rubutawa, wasu tun na shekarun 1980 waɗanda shi kaɗai ya rage yake tuna jerin fitowarsu.

Sai dai ka lura da lokacin zuwanka. In hutunka ya faɗo cikin damina ba za ka samu kowa ba, duk suna gona, rihazal ma ba a yi. Sai an shigar da gero da dawa an kai riɗi kasuwar Gujungu sannan akwatin yake fitowa, daga nan har zafin bazara ya matso wasa ake yi kusan duk mako.