Kuɗin dabo: Maraɗi daban, Yamai daban

Duk wanda ya bugo mini waya ya ce, "Malam, nawa ne wasanka?" sai na fara tambayarsa, "A wane gari?" Wasu suna ɗauka wayo nake so in yi musu. Wallahi ba wayo ba ne, hanya ce ta koya mini.

Ni ba ɗan dabon dandali ba ne mai ganga da taron kasuwa. Nawa na kusa ne, a kan tabarma ko tebur, mutum biyar zuwa goma sun zagaye ni, idonsu a kan yatsuna. Kayan aikina karta, zobe, ƙananan kofuna uku da tsabar dala ashirin, wato sefa 100. Babu tsafi, babu aljani, hannu ne da horo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, a bakin babbar kasuwa yake zama ranar Litinin da Juma'a. Wata shida bai nuna mini komai ba sai riƙe dala biyar da naman tafin hannu, yatsu a sake. Da ita nake shan shayi, da ita nake kaɗa ƙuda. In ta faɗi ya ce, "Ɗauka, ɗana, gobe ma rana ce." Wannan wahalar ce ake biya, ba mintin arba'in da ake gani ba.

A nan Maraɗi, bikin aure ko suna, jika 25 nake yankewa, wato sefa dubu 25. Kaɗan ne, na sani. Amma Alhazan garin nan in abu ya burge su ba sa tashi hannu rabbana, karin da ake yi mini a wurin yakan fi kuɗin da aka yi jinga da shi. Yamai kuwa ba haka ba. Tafiyar ta fi kilomita 600, kwana biyu sun tafi a mota, kuma a otal-otal da liyafar ma'aikata tafi kawai ake yi, ba mai sa hannu a aljihu. Don haka can da awa nake lissafi, jika 100, mota da masauki a wuyan mai gayya. Kuɗin Damagaram da Tawa yana tsakanin biyun. Ƙauyukan wajen Madarunfa bayan girbi, na sha karɓar buhun gero da zabi biyu, ban taɓa yin da-na-sani ba.

Katsina ce ta fi ba ni ciwon kai duk da kusancinta. Da naira ake magana, ka yi jinga yau, kafin ranar biki canji ya cinye rabin ribar. A 2023, da aka rufe iyaka, bukukuwa uku suka wuce ni, sai da na mayar da kafin alƙalami. Yanzu da sefa nake faɗin kuɗina, a biya da canjin ranar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yaran nan da suka kalli bidiyo biyu a TikTok, suka sayi karta mai laushi kamar takardar ƙosai, suna karɓar jika 3. Su yi wasan a ga hannunsu, su kuma tona asirin don a yi dariya. Gobe mai biki ya zo mini yana cewa, "Ai wani yaro ya ce jika 3." Ni kartar Bicycle nake amfani da ita, daga Kano ake kawo mini, kuma gumi da ƙurar hunturu ba sa barin ta kai wata guda.

Makon jiya wani Alhaji a unguwar Zariya ya zaunar da ni ciniki kamar zai sayi rago. Ya ce jika 10, ai wasa ne. Na ce, "Alhaji, ara mini zoben azurfar nan." Na sa a tafinsa, ya damƙe da kansa, na hura. Da ya buɗe, dala ashirin ce. Zoben yana cikin kofin shayinsa. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce, "Jika 20, kuma kada ka taɓa agogona." Na ce 25. Ranar Asabar ne bikin.